Idan An Cire Firet, Sai Kunne

Yau mun zo muku da labarin wata tsohuwar jita, wadda ta daɗe tana ba mu wahala, tana kuma koya mana hankali. Muna roƙo ku ba mu aron kunnuwanku, gama batun namu na yau duk a kan kunne yake.

Mu 'yan ƙungiyar mawaƙa ne na wata ƙaramar ikilisiya a Kaduna, a gefen arewa na kogi, can wajen hanyar Kawo. A cikin kayan kiɗanmu akwai jitar bes, wato jitar nan ta lantarki mai dogon wuya da tsirkiya 4 masu kauri, wadda muryarta ke fitowa daga can ƙasa har mutum ya ji ta a ƙirji. Idan kun duba wuyan jita za ku ga waɗansu 'yan ƙarafuna da aka gitta, jere kamar matakalar tsani. Makaɗa suna kiransu firet. Aikinsu shi ne su yanke wa tsirkiya tsawonta daidai wa daida. Ko yatsa ya ɗan kauce, ƙarfen zai gyara, amo ya fita sumul. To, tamu jitar ba ta da firet ko ɗaya. Mu ne muka cire su da hannunmu, ga kuma yadda abin ya faru.

Duk wanda ya san Kaduna ya san abin da ya same ta a watannin Fabrairu da Mayu na shekarar 2000, da kuma Nuwamba na 2002. Bayan waɗannan rigingimu mutane suka yi ta ƙaura. Kiristoci da yawa suka haye gada zuwa Sabon Tasha da Narayi da Television, Musulmi da yawa kuma suka hayo arewa. Bencinan majami'armu suka yi fayau. Ɗan'uwan da yake kaɗa mana bes shi ma ya kwashe iyalinsa ya haye, ba mu kuwa ga laifinsa ba. Aka jingine jitar a ɗakin ajiya tare da karyayyun kujeru, ta sha ƙura shekara da shekaru.

Da yaranmu suka taso, uku daga cikinmu muka ce bari mu ɗauko ta. Muka tarar firet sun cinye, waɗansu sun ɗago. Bayan haka iskar hunturu ta busar da katakon wuyan ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa tare da shi, sai bakin kowane firet ya leƙo waje kamar haƙorin zarto. Ranar farko ya tsaga wa ɗayanmu tafin hannu. Kuɗin sabuwa babu, baikon da ake samu da ƙyar yake sayen man janareto. Sai muka tafi wurin wani mai gyaran rediyo, ya ɗumama kowane firet da ƙarfensa na liƙin waya, muka riƙa zare su a hankali da filaya. Wani kafinta ya cike guraben da siraran katako da gam, don kada wuyan ya lanƙwashe, ya goge da samfefa har ya yi santsi. Ya kuma rage tudun da tsirkiyoyi ke hawa a kan wuyan, gama in babu firet sukan yi nisa da katako. Muka koma gida muna murna, muna cewa mun gama aiki. Ashe ranar muka soma.

Lahadin da muka fara kaɗa ta a sujada ba za mu manta da ita ba. Mai fiyano yana gabas, mai bes yana yamma. Masu waƙa suka rasa wanda za su bi. Da aka tashi, wata uwa daga Zumuntar Mata ta tare mu a bakin ƙofa ta ce, "'Ya'yana, wannan abin naku yau ciwon ciki yake yi ne?" Muka yi dariyar yaƙe muka ce, "Mama, fiyano ne bai saitu ba." Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Fiyano lafiyarsa lau. Dattawan ikilisiya suka kira mu suka ce sun ba mu daga nan zuwa Ista. In abin bai gyaru ba, a mai da jitar ɗakin ajiya, gama ba za a riƙa rikita jama'a suna tsakiyar waƙa ba. Gaskiya suka faɗa, ko da yake ta yi mana ɗaci.

Me ya sa abin ya yi wuya haka? Bari mu ɗan auna muku. Tsawon tsirkiyar bes, daga inda ta tashi zuwa inda ta sauka, inci 34 ne a yawancinsu, wato wajen santimita 86. Idan aka danne ta a tsakiya cif, a santimita 43, sai ta ba da amon da ta fara da shi amma a sama, kamar daga "do" na ƙasa zuwa "do" na sama. Tsakanin waɗannan biyu akwai matakai 12. Matakan ba ɗaya suke ba. Na fari, kusa da kan jita, faɗinsa ya kusa santimita 5. Suna ta raguwa har na 12 ya zama kamar santimita 2 da rabi. Ke nan idan yatsa ya kauce da rabin santimita kawai a wajen tsakiya, ya ci kashi 1 cikin 5 na matakin. Ido ba zai ga wannan ba, amma kunnen kowace tsohuwa a majami'a zai ji shi. Tun da kuwa bes shi ne harsashin da sauran muryoyi ke zaune a kai, in ya karkace dukan ginin ya karkace.

Ba mu ne farkon masu shiga wannan hali ba. Kafin a ƙera bes na lantarki, makaɗan Turai da Amurka suna amfani da wani ƙaton goge mai tsayin mutum, wanda ake kafa shi a ƙasa, ba shi kuwa da firet. A 1951 Leo Fender, wanda shi ma da gyaran rediyo ya fara a Kaliforniya, ya fitar da bes na lantarki mai firet, ya sa masa suna Precision, wato mai daidaito, domin kowa yana iya samun amo daidai ba tare da shan wuya ba. Amma ba a daɗe ba waɗansu suka soma kewar tsohuwar muryar. A farkon shekarun 1960 Bill Wyman na ƙungiyar Rolling Stones a Ingila ya cire firet na wata jitarsa mai araha. A 1966 kamfanin Ampeg ya soma sayar da bes marar firet. Wanda ya fi kowa fito da darajarta shi ne Jaco Pastorius na Amurka. Ya zare firet na jitarsa ƙirar Fender Jazz ta 1962, ya shafe wuyan da irin gam mai tauri da ake shafa wa jiragen ruwa, faifansa na 1976 kuwa ya sa makaɗan duniya suka sake tunani a kan bes. Ya rasu a 1987. A nan Afirka ma akwai Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu, wanda ya kaɗa bes marar firet a faifan Graceland na Paul Simon a 1986.

Mun ji daɗin sanin wannan tarihi, amma bai gyara mana yatsa ba. Taimako ya zo mana ta inda ba mu zata ba, wato ta bayan katanga.

Akwai wani dattijo maƙwabcin majami'armu, Musulmi, wanda yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa da yamma. Shekaru da yawa ba abin da ke haɗa mu da shi sai sannu, sannu kadai. Wata ranar Alhamis mun fito daga koyon waƙa, sai ya yafuto mu.

"Samari, ku ne masu kiɗan nan na daren Alhamis?"

Gabanmu ya faɗi. Muka durƙusa muka ce, "Mu ne, Baba. Ko mun dame ku ne? Ku yi haƙuri, za mu rage ƙara."

Ya ce, "Damuwa kam kun dame ni, amma ba ƙarar ba ce. Mai babbar tsirkiyar nan kullum yana ƙasa da mai waƙa kaɗan. Idonsa yake bi. Ku kawo abin in gani."

Ashe a zamanin ƙuruciyarsa makaɗin kukuma ne, ya daɗe da ajiye ta. Ya karɓi jitar ya shafa wuyanta daga sama har ƙasa, ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai ƙanwar kukuma ce da ta je birni." Nan take idonmu ya buɗe. Goge ba shi da firet. Kukuma ba ta da shi. Haka molo da garaya da gurmi da kuntigi. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya zaga duniya. Haruna Uji da gurminsa, Hassan Wayam da kukumarsa, ba wanda aka gitta wa ƙarfe a wuyan abin kiɗansa. Mun tafi neman sani har Amurka, alhali kakanninmu a ƙasar nan da kunne suka yi ta kiɗa tun fil azal. Lalle kunne ya girmi kaka.

Muka ce, "Baba, to yaya za mu yi?"

Ya ce, "Yarana, abin da bakinka bai iya rerawa ba, yatsanka ba zai same shi ba. Ku fara rerawa, sa'an nan ku nemi muryarku a jikin tsirkiya."

Daga shawararsa da kuma abin da wahala ta koya mana, ga darussa biyar da muka tara. Mai niyyar koyo ya riƙe su.

Na fari, a san inda yatsa zai sauka. A jita mai firet akan danna bayan ƙarfen. A marar firet kuwa sai a kan layin da ƙarfen yake a dā. Ɗigon da ke gefen wuyan jitar da aka cire wa firet yakan ruɗi mutum, gama tsakanin matakai aka sa shi tun asali. Ko layin kansa, daga inda mai kiɗa ke hango shi ta sama, yakan yi kamar ya goce. Layi yana kai mutum unguwar, kunne ne yake nuna masa ƙofar gidan.

Na biyu, a rera kafin a kaɗa, kamar yadda Baba ya faɗa. Mukan ɗauki do, re, mi da muka koya a ƙungiyar mawaƙa, mu rera amo ɗaya, mu riƙe shi, sa'an nan mu nemo shi da yatsa. Da farko abin ya yi mana kamar wasan yara. Bayan makonni kaɗan hannu ya soma tafiya da kansa inda murya ta nufa.

Na uku, a nemi shaida. Mukan roƙi mai fiyano ya danne amo ɗaya ya riƙe, mu kuma mu hau matakan a hankali a kansa. Idan amo biyu suna kusa amma ba su haɗu ba, za ka ji sautin yana kaɗawa, wau wau wau. Gwargwadon nisansu, gwargwadon saurin kaɗawar. Kana matsowa tana raguwa, har ta tsaya cik. Nan ne daidai. In babu fiyano, tsirkiyar da ba a danna ba ita ce shaida, gama mataki na 5 a kan tsirkiya ɗaya daidai yake da amon ta kusa da ita. Daren da aka ɗauke wuta ma bai zama hasara ba. Mukan zauna cikin duhu, mu ɗora haɓa a jikin jitar, sautin ya bi ƙashi ya shiga kunne. A cikin duhun nan muka fi ci gaba, domin ido ya bar mu mun huta.

Na huɗu, in an kauce a gyara nan da nan, kada a ɓoye. Babu mai kaɗa bes marar firet da ba ya kaucewa. Gwani dai yakan ji da wuri, ya mirgina kan yatsansa kaɗan kafin kowa ya lura. Jarabar da ke tattare da wannan jita ita ce girgiza yatsa da jan sauti daga wani amo zuwa wani. Suna da daɗin ji ƙwarai, amma mun kama kanmu muna amfani da su don rufe kuskure. Gishiri ne, ba a yin tuwo da shi.

Na biyar, ka ji kanka yadda waɗansu ke jinka. Muka soma ɗaukar koyon waƙarmu a waya muna saurara daga baya. Kai, ranar farko kunya ta rufe mu. Abin da muka rantse daidai ne, ga shi a fili ya kauce. Tun daga ranar muka daina zargin fiyano, muka je muka ba mai kaɗa shi haƙuri.

Bayan koyon kiɗa akwai koyon zama da ita, gama katako yana numfashi da yanayin gari. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wuyan yakan lanƙwaso gaba, tsirkiyoyi su yi nisa da katako, dannawa ta yi wuya. Da damina kuwa katakon yakan sha laima ya koma baya, tsirkiyoyi su riƙa gogarsa suna zuza. A cikin wuyan akwai wata sandar ƙarfe da ake murɗawa da ɗan makulli don a daidaita shi. Kwata ɗaya na zagaye ya isa a rana, a bar shi ya kwana a gani. Mai gaggawa yakan karya abin da ya zo gyarawa. Tsirkiyoyi masu kaushi suna da murya mai kaifi, amma suna cin katako su bar masa zane. Masu santsi sun fi tausayinsa, su muka koma saya. Mukan goge wuyan da tsumma bayan kowane kiɗa, mu mai da ita gidanta, ba ma barinta a rana ko a jikin taga.

Ista ta zo, dattawa suka saurara, ba wanda ya sake ta da zancen ɗakin ajiya. Amma ladan da ya fi faranta mana rai daga baya ya zo. Kun san yadda iyayenmu na Zumuntar Mata suke ta da waƙa. Mai bayarwa takan ɗaga murya daga inda zuciyarta ta ba ta, tulu da caki su amsa, ba ruwanta da fiyano. Sau da yawa muryar takan faɗa tsakanin amo biyu na fiyano, mai kaɗa shi ya yi ta lalube har ya haƙura ya naɗe hannu. Ranar nan sai mai bes ya saurara, ya matsar da yatsansa kaɗan, ya same su a inda suke, ya bi su har ƙarshe. Ga shi kuma harshenmu na Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Karin murya ne kaɗai ya raba kukan yaro da kukar miya. Tsirkiyar da ba a gitta mata ƙarfe ba tana iya lanƙwasawa ta bi magana, kamar yadda kalangu ke yi in an matse shi a hammata. Uwar nan da ta yi mana zancen ciwon ciki ta sake tare mu ta ce, "'Ya'yana, mai jinya ya warke." Muka ce, "Mama, mu ne muka warke."

'Yan'uwa masu sauraro, kada wani ya ɗauka muna kushe firet. Firet abu ne mai kyau, yana kiyaye mai koyo, da muna da kuɗi a lokacin da ba mu cire namu ba. Abin da muka gane shi ne, yana yiwuwa mutum ya shekara goma yana kaɗa jita mai firet bai taɓa sauraron na kusa da shi ba, domin ƙarfe yana yi masa aikin. Ranar da aka cire ƙarfen, ranar ce za a san ko yana ji.

Zaman garinmu ma haka yake. Tun 2000 kogin Kaduna ya zama wa mutane da yawa kamar firet, kowa ya san gefensa, ba ya bukatar ya saurari kowa. Mu da muka ragu a arewacin kogi ba mu da wannan ƙarfe, haka kuma maƙwabtanmu Musulmi da suka ragu a kudu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da na kusa da mu, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Saɓani zai zo, kamar yadda yatsa yakan kauce. Abin tambaya shi ne, muna jinsa da wuri? Muna matsawa kaɗan tun abin bai yi nisa ba? Shekaru nawa dattijon nan ya yi yana jinmu ta bayan katanga, mu kuwa ba mu ko san yana da kunnen kiɗa ba? Shi ya saurare mu tun kafin mu saurare shi. Yanzu idan za mu yi kwanan addu'a mukan sanar da shi tun da rana, mu juya lasifika ciki. Ranar sallah yakan aiko mana da nama, ranar Kirsimeti mu aika masa da shinkafa.

A cikin Sama'ila ta Fari sura 16, da ran Sarki Saul ya dagule, fadawansa sun nemo masa wanda ya iya kiɗa sosai, aka kawo Dawuda, kiɗansa kuwa ya kwantar wa sarki da hankali. Iyawa ba ta faɗowa daga sama rana ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

To, ɗan'uwa, 'yar'uwa, ina ne aka cire maka firet? Wataƙila a gidan aurenka ne, inda babu dokar da za ta gaya maka lokacin magana da lokacin shiru. Wataƙila tsakaninki da 'yarki ce da ta girma, tsawa ta daina aiki. Wataƙila a wurin aiki ne, ko a layinku. A wannan mako ka gwada abu ɗaya. Kafin ka ce wancan ne bai saitu ba, ka yi shiru, ka saurari muryarsa, ka saurari taka, ka ji ko suna kaɗawa. In suna yi, ka fara matsar da naka yatsan.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, kai da ka yi mana kunne biyu da baki ɗaya, ka koya mana ji. Ka ba mu tawali'un karɓar gyara ko daga bakin wa ya fito. Ka kiyaye Kaduna, arewa da kudu, ka ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Sai wani mako idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.